ABIN DA IDO BA YA GANI A CIKIN GIDANMU



Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shekara da shekaru malaman asibiti suna gaya mana cewa akwai ƙwayoyin cuta a cikin ruwan tabki, da ƙafar ƙuda, da bakin tsohuwar reza. Wasu sun yarda. Wasu kuwa sukan ɗaga ƙwaryar ruwa su leƙa, su ce: "Ni ban ga komai ba." Gaskiyarsu, ba su gani ba. Amma ido yana da iyaka. Duk abin da bai kai kaurin silin gashi ba, da wuya ido ya kama shi.

Akwai wata na'ura da ke taimakon ido ya wuce wannan iyaka. Ana ce mata madubin likita. A lakkwal ana ce mata mikoroskop. Akwai babba na asibiti, akwai kuma ƙarami da aka yi don yara. Yau za mu ɗauki ƙaramin, mu zagaya da shi cikin gida, daga madafa zuwa rumbu, daga rumbu zuwa randa.

MENE NE MADUBIN LIKITA?

Ba irin madubin duba fuska ba ne. Zuciyar aikinsa wani ɗan gilashi ne mai tudu a tsakiya, kamar ƙwayar ido. Idan haske ya ratsa gilashin, sai ya lanƙwashe. Shi ya sa abin da ke ƙarƙashinsa yake bayyana da girma.

A jikin kowane madubi ana rubuta ƙarfinsa da lamba. Gilashin hannu, irin wanda masu gyaran agogo da rediyo ke aiki da shi, yana ƙara girman abu sau 3 zuwa sau 10. Madubin yara yakan ƙara sau 40, ko sau 100, wani har sau 400. Na asibiti yana kaiwa sau 1000.

Mu auna da abin da muka sani. Ƙwayar hatsi ɗaya tsawonta kamar milimita 3 ne. Da za a ƙara girmanta sau 100, sai ta kai santimita 30, wato kamar ƙwaryar dama fura. Silin gashi kuwa sai ya yi kaurin alƙalami.

SU WA SUKA FARA?

Wani malami Balarabe mai suna Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya zauna a Alƙahira ya rubuta babban littafi a kan haske da gani. Ya nuna cewa haske ne ke fitowa daga abu ya shiga ido. Masanan da suka zo bayansa sun ƙaru da aikinsa ƙwarai.

A 1665 wani Bature na Ingila mai suna Robert Hooke ya buga littafi cike da zanen abubuwan da ya gani da madubi. Ba kayan sarauta ya duba ba. Tsinin allura ya duba, da bakin aska, da ƙuma, da kwarkwata.

Amma wanda ya fi ba duniya mamaki ɗan kasuwa ne, mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan. Sunansa Antoni van Leeuwenhoek. Bai yi karatu a jami'a ba. Da hannunsa yake goge ƴan gilasai, har wasu suna ƙara girman abu fiye da sau 200. A 1674 ya ɗebo ruwan wani tabki ya duba. Sai ya ga halittu masu rai suna iyo a ciki, waɗanda ba wanda ya taɓa ba da labarinsu. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya duba, nan ma ya ga wasu suna motsi. Wanda ya ji wannan labari ba zai ƙara raina asuwaki ba.

A zamaninmu kuma, a 2014, wani malami ɗan ƙasar Indiya mai suna Manu Prakash, tare da ɗalibinsa Jim Cybulski, a jami'ar Stanford ta Amurka, sun fito da madubin takarda. Sunansa Foldscope. Ana ninke shi da hannu, ana sa shi cikin aljihu, ba ya bukatar lantarki. Yana ƙara girman abu sau 140. Kuɗin kayan da suka haɗa shi da su ba su kai dalar Amurka ɗaya ba, wato ba su kai jika guda ba a kuɗinmu.

KOWA NA IYA HAƊA ƘARAMIN MADUBI

Ba kowane gari ke da madubin yara ba. Wanda bai samu ba, ga dabara da ruwa kawai.

1. Ka sami farar leda mai haske, wadda ake ganin abu ta cikinta.
2. Ka shimfiɗa ta a kan rubutu.
3. Ka tsoma tsinke a ruwa mai tsabta, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan baƙi guda.
4. Ka ɗaga ledar kaɗan, ka duba ta cikin ɗigon. Za ka ga baƙin ya ƙara girma.

Ga wata dabarar. Ka naɗe siririyar waya a jikin ƙusa, ta yi ɗan zobe. Ka tsoma zoben a ruwa. Ɗigo zai maƙale a ciki. Ka kawo shi kusa da ido, ka kusanto da abin da kake son gani. Idan ɗigon ya fi ƙanƙanta kuma ya fi tudu, ya fi ƙara girma. Farar kwalba cike da ruwa ita ma tana yin wannan aiki. Ƙarfinsu kaɗan ne, amma ya isa a ga ƙwan ƙwaro da zaren yadi.

YADDA AKE AIKI DA MADUBIN YARA

A ajiye shi a wuri mai haske, amma a inuwa. Abin da za a duba ya zama siriri ƙwarai, don haske ya ratsa shi daga ƙasa. A ɗora shi a kan ɗan faifan gilashi, a sa ɗigon ruwa, a rufe da wani gilashi mai laushi. A fara da ƙaramar lamba. A riƙa murɗa maɓallin gefe a hankali har abu ya fito sarai. Sa'an nan a koma babbar lamba.

Kada yaro ya yi mamaki idan ya tura gilashi dama ya ga abu ya tafi hagu. Haka irin wannan madubi yake, yana juya hoto.

MU FARA DA MADAFA

Gishiri. A ido gari ne kawai. A madubi kuwa kowace ƙwaya tana da kusurwa, kamar ɗan akwati mai gefe daidai da daidai. A gwada wannan: a jiƙa ɗan gishiri a ruwa, ko na leda ko bezar Bilma, a ɗiga a kan gilashi, a bari ya bushe. Za a ga ƴan akwatuna sun sake fitowa da kansu. Sukari shi ma yana da kusurwa, amma nasa a karkace suke. Sai dai a lura: sinadarin iyod da ake sa wa gishiri don hana maƙoƙo ba a ganinsa a madubi. Wannan sai a duba rubutun da ke jikin leda.

Albasa. A yanka albasa, a ɓare farar fatar nan mai laushi da ke cikin kowane ɓawo. A shimfiɗa ta a ɗigon ruwa. Abin da za a gani kamar katangar tubali ce, layi bisa layi. Kowane tubali ɗan ɗaki ne mai rai. Robert Hooke ne ya fara kiransu ɗakuna, da ya ga irinsu a ɓawon wani itace. Yau an san cewa jikin kowane tsiro, da na dabba, da na mutum, da irin waɗannan ƙwayoyin halitta aka gina shi.

Funfuna. A ɗauki ragowar tuwon da ya kwana biyu ya yi funfuna. A madubi funfuna kamar gona ce: zare-zare ne farare, a kan wasu akwai ƴan kawuna baƙaƙe. Cikin kawunan nan iri ne, iska na ɗaukarsa ta kai shi kan wani abinci. Ashe funfuna abu ne mai rai, yana ci yana yaɗuwa. Wata irin funfuna da ke kama gyaɗa da masara tana barin guba mai lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. Don haka a shanya amfanin gona ya bushe sosai kafin a adana. Gyaɗar da ta yi funfuna a tsince ta a zubar. Kada a ba yara, kada a ba dabbobi masu ba da nono.

ALLURA, REZA DA ZANE

Muna cewa abu ya yi tsini kamar allura. A madubi tsinin allura dakusasshe ne, kamar bakin taɓarya. Bakin tsohuwar reza kuwa gaɓa-gaɓa ne, kamar zarto, da ramuka da tsatsa. A cikin ramukan nan jini da datti ke ɓuya, ko da an goge rezar da tsumma ta yi ƙyalli.

Wannan magana ce ga ungozoma da wanzami. Cibiyar jariri idan an yanke ta da abin da ba shi da tsabta, ƙwayar ciwon tetanos na iya shiga. Shi ne ciwon da ke sandarar da jariri har ya kasa kama nono. Reza ɗaya ga mutane da yawa kuma tana iya ɗaukar ciwon hanta ko sida daga wani zuwa wani. Sabuwar reza ga kowane mutum. Kuɗinta bai kai kuɗin magani ba.

Yanzu a miƙe gefen zane a ƙarƙashin madubi. Zanen da muke gani a rufe, ashe raga ne. Zare ya hau, zare ya sauka, kamar saƙar tabarma, a tsakani kuma ga ƙofofi. Silin auduga a murɗe yake. Gashin tunkiya yana da ɓawo-ɓawo kamar jikin kifi. Zaren nailan santsi ne kamar waya. A riƙe maganar ƙofofin nan, za mu dawo kanta idan mun zo ga ruwa.

KARANGIYA DA ƘURAR HUNTURU

Ba ɗan Damargu da bai san karangiya ba. Tana shiga da sauƙi, fitarta da wuya. Madubi ya nuna dalili. Kowace ƙaya tana da wasu ƙananan haƙora a jikinta, duk sun juya baya, kamar ƙugiyar kama kifi. Idan ka ja, sai su ƙara kamawa. Da haka take hawa jelar dabba da bakin wando ta kai irinta nesa.

A 1941 wani injiniya na ƙasar Suwis mai suna George de Mestral ya duba irin wannan ƙaya, ta wani tsiro na ƙasarsu, wadda ta maƙale a gashin karensa. Ya ga ƙugiyoyi. Daga nan ya ƙirƙiro abin maƙalawar nan da ke jikin takalman yara, mai ƙara idan an ɓalle shi.

Ƙurar da ke sauka a kan kwanoninmu lokacin hunturu ita ma tana da labari. Wani kashi nata daga Bodele yake tasowa, wani kwari a arewacin Cadi. A zamanin da, tabkin Cadi ya mamaye wurin. Da ruwan ya janye, sai ya bar ɓawon ƙananan halittun ruwa jibge a ƙasa. Masana sun duba ƙurar da manyan madubai sun ga gutsattsarin ɓawon. Iska na kwasarta har ta ƙetare teku.

MU SHIGA RUMBU

Manomi ya zuba wake mai kyau a buhu. Bayan wata biyu ko uku ya kwance, ya tarar da huda ko'ina. Sai a ce wake ne ya haifi ƙwaro. Ba haka ba ne. A ɗauki ƙwayar wake a duba bayanta da gilashin hannu. Za a ga wasu ɗige-ɗige farare, ba su kai milimita ɗaya ba, a manne kamar an sa musu ƙaro. Ƙwan ƙwaron wake ke nan. Tun daga gona ake shigowa da shi. Tsutsa na fita daga ƙwan ta ƙasa, ta huda ta shige cikin waken. Tana ci daga ciki. Cikin mako 3 zuwa 4 ta zama ƙwaro, ta huda ƙofa ta fito, ta sake yin ƙwai da yawa.

Wanda ya gane haka ya gane magani. Ƙwaro mai rai ne, yana bukatar iska. Shi ya sa buhu mai riɓi uku, wanda ake ce wa PICS, yake aiki ba tare da an zuba guba ba. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu ɗaya a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, kuma masanan cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi sun yi aiki a kansa. An fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007. Sharaɗinsa: wake ya bushe sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, kada a bari ɓera ko ƙaya ta huda. Tano ko bido mai murfi da ke rufuwa gam, idan an cika shi har baki, shi ma yana yin wannan aiki.

Sai ƙuduji, wanda wasu ke ce wa wuta-wuta, abokin gabar hatsi da dawa. Idan furensa ya bushe, a karkaɗe shi a kan farar takarda. Abin da zai zubo kamar ƙura ne. A madubi kuwa kowace ƙwayar ƙura iri ce cikakkiya, mai zane-zane a bayanta. Tushe ɗaya na iya zubar da iri 50.000 ko fiye. Irin yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar hatsi. Don haka wanda ya bar ƙuduji ya yi fure ya bushe a gonarsa, ya shuka wa ƴaƴansa wahala. A tuge shi da zarar ya fara fure, tun bai yi iri ba, a fitar da shi daga gona a ƙone.

ƘUDA, KWARKWATA DA SAURO

A duba ƙafar mataccen ƙuda. Gashi ne tun daga sama har ƙasa. A ƙarshenta akwai ƙugiya biyu da wasu ƴan matasai masu danƙo, da su yake tafiya a jikin bango. Duk abin da ya taka yana maƙalewa a nan. Ya tashi daga kan bayan gida ya sauka a bakin ƙwaryar fura, ko a idon yaro. Ta haka yake taimakon yaɗuwar zawo, da ciwon idon nan da ake ce wa tarakoma, mai juya gashin ido ciki har ya kai ga makanta. A rufe abinci. A wanke wa yara fuska kullum. A yi masai a gida, a riƙa rufe bakinsa.

Kwarkwata tana da ƙafa shida, kowace da ƙugiya daidai kaurin gashi. Ƙwanta a manne yake a jikin silin gashi, da ɗan murfi a kansa. Shi ya sa wanka kaɗai ba ya fitar da shi, sai an bi da mataji mai ƙananan haƙora. Ƙazwa ma wata ƙaramar halitta ce ke kawo ta, ba ta kai rabin milimita ba. Tana haƙa rami a cikin fata ta yi ƙwai. Akwai maganinta a asibiti. A yi wa dukan ƴan gida tare, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana.

Da damina, a leƙa kududdufi ko tsohuwar tukunyar da ruwa ya kwanta. Ƴan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil ƴaƴan sauro ne. A madubi ana ganin kansu da gashinsu. Wanda ke kwanciya a miƙe daf da saman ruwa, shi ne ɗan sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Wanda ke rataye kai ƙasa wani iri ne. Da zafi, cikin kwana 10 ko makamancin haka ƙwai ya zama sauro mai tashi. A cike ramuka kusa da gida, a kife tsofaffin tukwane, a kwana cikin gidan sauro.

ƊIGON RUWAN TABKI

Yanzu mun zo ga babbar magana. A Damargu rijiya na da zurfi. Idan damina ta sauka tabkuna suka cika, mutum da dabba duk can suke nufa. A ɗebo ruwan tabki a farar kwalba, a bari ya kwanta, a ɗaga shi wajen haske. Mai kaifin ido zai ga wasu fararen ɗige-ɗige suna zabura, su tsaya, su sake zabura. A kamo ɗaya a sa a madubi. Wata halitta ce mai ido ɗaya a tsakiyar goshi, da ƙahoni biyu, da jela mai reshe. Tsawonta milimita 1 zuwa 2. Ana ce mata ƙumar ruwa.

Dattawa, kun tuna ƙurkunu? Kun tuna yadda yake kwantar da magidanci a tsakiyar noma, ana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan har mako da makonni? A ƙasar Mali ana ce masa ciwon da ke barin rumbu wayam. An daɗe ana cewa daga jini yake, ko gado ne, ko jifa. Wajen 1870 wani masani ɗan Rasha mai suna Fedchenko ya duba ƙumar ruwa da madubi, ya ga ƴaƴan ƙurkunu a cikin cikinta.

Ga yadda abin yake. Mai ƙurkunu yana jin ƙafarsa na ƙuna, sai ya tsoma ta a tabki don ya ji sanyi. Nan take ƙurkunun ya zuba ƴaƴa dubbai a ruwa. Ƙumar ruwa ta haɗiye su. Wani ya zo ya sha ruwan da ƙumar a ciki. Bayan kamar shekara guda, tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta huda fatarsa ta fito.

Ƙurkunu ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. Amma da aka san hanyarsa, sai aka tare ta. Ƙumar ruwa ta fi ƙofar yadi mai matsattsen saƙa girma. Sai aka raba wa gidaje matatar nailan. Aka ba makiyaya da matafiya ɗan bututu mai raga a baki, suna ratayawa a wuya. Aka hana mai ƙurkunu shiga tabki. Aka haƙa rijiyoyi da famfuna.

Ga sakamako. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ke kamuwa da ƙurkunu a duniya kowace shekara. A Nijar, binciken 1991 ya gano mutum kimanin 33.000, kuma jahar Damagaram na cikin inda ya fi yawa. Mutum na ƙarshe da ya kamu da shi a cikin ƙasar nan, a 2008 ne. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da ƙurkunu. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duniya duka, mafi yawansu a Cadi, maƙwabciyarmu, inda yake kama karnuka ma. Saboda haka ba a saki jiki ba. Duk wanda ya ga tsutsa na fita daga ƙafar mutum ko ta kare, ya hana su kusantar ruwa, ya sanar da asibiti a ranar.

Yaran da aka haifa bayan 2008 ba su san ƙurkunu ba. Ya kamata a nuna musu ƙumar ruwa, a ba su labari.

TACEWA KAƊAI BA TA ISA BA

Yadi yana tare ƙumar ruwa da datti. Yana rage wasu cututtukan ma. A ƙasar Bangaladash, wani bincike da aka buga a 2003 ya nuna cewa ƙauyukan da ke tace ruwa da tsohon zane ninki huɗu, kwalara ta ragu a cikinsu da kusan rabi. Amma rabi ba duka ba ne. Ƙwayoyin zawo da taifot sun fi ƙofar kowane yadi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ruwa na iya yin fari tas, kuma yana ɗauke da cuta.

Don haka ruwan tabki, a bi da shi ta matakai uku. A bari ya kwanta. A tace da zane mai tsabta, ninki huɗu. Sa'an nan a tafasa shi, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. A rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya mai mariƙi, kada hannu ya shiga ruwa.

Wanka a tabki ma yana da nasa. Yaron da ke fitsarin jini bai balaga ba ne, tsargiya ce. Wata tsutsa ce da ke fitowa daga jikin dodon koɗin ruwa ta huda fata. Likita Bilharz ne ya gano ta a Alƙahira a 1851. A asibiti ana ganin ƙwanta a fitsari da madubi, mai ɗan tsini a gindi. Akwai maganinta.

ABIN DA MADUBIN YARA BA YA IYAWA

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Madubin yara na koyo ne, ba na gano ciwo ba. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana ɓuya cikin ƙwayoyin jini. Likita Laveran ne ya fara ganinta a 1880, a garin Kustantin na Aljeriya. Ganinta sai da babban madubi, da rini na musamman, da ma'aikacin da ya koyi aikin. Haka ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch ya gano a Jamus a 1882. Ƙwayar ƙyanda da ta shan inna kuwa, ko madubin asibiti ba ya nuna su. Idan yaro ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti a yi masa gwaji. Kada a ce an duba ruwa da madubin yara ba a ga komai ba, don haka ya shawu.

GARGAƊI GA IYAYE DA MALAMAN LAKKWAL

1. Kada a duba rana da kowane irin gilashi. Kada a juya madubin ƙasa ya fuskanci rana kai tsaye. Yana iya ƙona ido.
2. Kada a bar gilashin hannu a rana kusa da zana, ko kara, ko rumbu. Yana tara zafi har ya tada wuta.
3. Yara kada su duba jini, ko fitsari, ko bayan gida, ko majina. Wannan aikin asibiti ne.
4. Yanka da reza aikin babba ne.
5. Bayan an taɓa ruwan tabki, ko ƙwaro, ko funfuna, a wanke hannu da sabulu.
6. Ƙura ce abokiyar gabar madubi. A goge gilashi da ƙyalle mai laushi, ba da yatsa ba. A mayar da shi cikin leda a ɗaure.
7. Kowane yaro ya zana abin da ya gani a kaye, ya rubuta sunan abin, da inda aka samo shi, da kwanan wata.

Ƴan'uwa, idan mushe ya samo madubi a lakkwal, ko yaronku ya haɗa na ɗigon ruwa ya kira ku, kada ku ce wasan yara ne. Ku ɗauko wake daga buhunku, da rezar da ke cikin aljihunku, da ruwan randarku. Ku sunkuya ku duba da idonku. Uwar gida ta duba, ungozoma ta duba, wanzami ya duba. Bayan haka kowa ya san abin da zai gyara a gidansa kafin damina ta sauka.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Amin.